Ɗalibin Harshe a Gidan Ahlul Kitabi

Makarantun da ke koya wa baƙi harshen Sifaniyanci, ko a Salamanka ne, ko a Ishbiliya, ko a Garnaɗa, ko kuwa can ƙetaren teku a garin Antiguwa na ƙasar Gwatemala, sun daɗe da wata al'ada wadda suka ga amfaninta suka riƙe, watau idan ɗalibi ya zo daga nisa sukan nema masa masauki a gidan wani mutumin gari, inda za a ba shi ɗaki da mabuɗin ƙofa, ya ci abin da masu gida suka ci, ya zauna inda suka zauna, da safe ya tafi makaranta a yi sa'a uku ko huɗu ana karanta masa nahawu, da rana kuwa ya komo ya ji yadda nahawun nan yake fita daga bakin masu shi. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin abin da malami zai yi wata guda yana cusa wa mutum a aji, tsohuwa takan koya masa shi a mako ɗaya tana aikensa sayen burodi. Amma ɗalibi Musulmi, musamman wanda ya tashi a kan mazhabar Imamu Malik kamar yadda yawancinmu muka tashi, ba zai shiga wannan tsari ba tare da wata tambaya ta tsaya masa a rai ba: shin ya dace mutum ya kwana ya tashi a ƙarƙashin rufin wanda ba ya salla, ya ci daga tukunyarsa, domin neman abin da ba farilla ba ne a kansa? Na ji masu amsa wannan da gaggawa ta fuska biyu, wasu su ce haramun ne, su tashi, wasu su ce ai zamani ya wuce irin wannan magana, su ma su tashi, ni kuwa ina ganin mas'alar ta cancanci a zauna mata.

Shi koyon harshen kansa ba ya bukatar dogon bahasi. Sifaniyanci harshe ne na haihuwa ga mutane kusan miliyan 500, shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, ciki har da Gini Ikwatoriya a nan nahiyarmu, kuma tun 1991 gwamnatin Sifaniya ta kafa Cibiyar Sarbantes domin yaɗa shi a duniya. Ta fuskar shari'a kuwa, sananne ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta musu amsa, ya kuwa koya cikin kamar rabin wata. Haka kuma Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsunan 'yan Adam da launukansu cikin ayoyin Ubangiji, a jere da halittar sammai da ƙasa. Wanda kuma ya ce Sifaniyanci harshen Nasara ne tsantsa, sai a tuna masa cewa a 1462 wani malami na garin Segobiya, Isa ɗan Jabir, ya wallafa littafin fiƙihu da wannan harshe domin Musulmin da Larabci ya kuɓuce musu, kuma zuriyarsu sun yi ta rubuta addu'o'i da ƙissoshin Annabawa cikin Sifaniyanci da haruffan Larabci, daidai yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami, har aka riƙa tsintar littattafansu a ɓoye cikin bango da rufin tsofaffin gidaje a yankin Aragon shekaru aru-aru bayan an kore su.

Ƙasar Sifaniya ita ma ba baƙuwa ba ce ga almajirin Hausa, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Muwaɗɗa da ake karantawa a zaurukanmu ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, wanda ya rasu a Ƙurɗuba a 848. Ibnu Malik mai Alfiyya haifaffen Jayyan ne, garin da ba ya wuce tafiyar sa'a guda a mota daga Garnaɗa. Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka dogara da ita aikin Ibnu Asim ne, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426. Ishiriniya kuwa, wadda ake rerawa a birni da ƙauye, ta Alfazazi ce, shi ma ɗan Andalus.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne zaman, kuma ba zan ɓoye cewa malaman mazhabarmu sun tsananta a nan ba. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta karhanta fatauci zuwa ƙasar abokan gāba. Alwansharisi, mai littafin Mi'iyar, ya ba da fatawa a 1491 cewa bai halatta Musulmin Andalus su ci gaba da zama a ƙarƙashin mulkin Nasara ba, ko da an yi musu alkawarin aminci. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya rubuta Bayanu Wujubil Hijira a 1806 a kan wajabcin barin ƙasar da mutum ba ya iya tsayar da addininsa. Ba daidai ba ne a yi wa waɗannan bayin Allah kallon masu ƙuncin tunani, domin abin da Alwansharisi ya ji wa tsoro ya auku ƙwaf da ƙwaf: an miƙa Garnaɗa ranar 2 ga Janairu 1492 bisa sharaɗin za a bar wa Musulmi masallatansu da alƙalansu, ba a yi shekara goma ba aka fara tilasta musu shiga Kiristanci a hannun Kardinal Sisneros, a 1567 Sarki Filibus na Biyu ya hana su magana da Larabci da sa tufafinsu, daga 1609 zuwa 1614 kuwa aka kori kimanin mutum 300,000 daga zuriyarsu. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi wa fatawar dariya ba.

Sai dai hukunci yana tafiya tare da illarsa, kamar yadda masu usulu ke faɗa, illar nan kuwa idan aka duba ita ce ƙasƙanci, da rashin ikon bayyana addini, da tsoron kada 'ya'ya su tashi a kan wani tafarki. Inda babu ita, tarihinmu ya nuna wata fuska dabam. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha a ƙarƙashin sarki Kirista suka zauna, Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib bai komo ba sai shekarar Haibara, bayan fiye da shekara goma. Risalar nan da ta karhanta tafiya ƙasar abokan gāba, a wuri guda ta haɗa da ƙasar Sudan, watau tamu, domin a ƙarni na 10 da aka rubuta ta Musulunci bai kafu a nan ba. Da kuwa Wangarawa ba su zo Kano a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14 sun sauka cikin mutanen da ba su salla ba, da ba mu san inda mu muke yau ba. Fatakenmu na goro su ma sun yi zamani suna sauka a zangon Salaga da na Kumasi a ƙarƙashin ikon sarakunan Ashanti, sun koyi harsunan mutanen wurin, sun kuma komo da sallarsu. Sifaniya ta yau kuwa, tsarin mulkinta na 1978 ya ba kowa 'yancin addini, a 1992 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wakilan Musulmin ƙasar, a 2003 aka buɗe masallaci a unguwar Albaisin ta Garnaɗa, yana fuskantar fadar Alhamra daga wancan tudu. Ɗalibin da ya zo na watanni, da takardar komawa gida a aljihunsa, ba shi ne mutumin da Alwansharisi yake magana a kansa ba.

To, amma dokar ƙasa iyakarta bakin ƙofa. Da zarar an rufe ƙofa aka zauna cin abinci, ba tsarin mulki ne zai bayyana wa mutum addininsa ba, bakinsa ne, kuma a nan ne nake ganin ainihin jarrabawar take. A gidan da na sauka a Garnaɗa uwargidan dattijuwa ce wadda mijinta ya rasu, tana zaune da ɗiyarta da jikanta, kuma tun kafin in zo makaranta ta sanar da ita cewa ba na cin alade. A bisa teburin ɗakin girkinta akwai cinyar alade busasshiya, an ɗaure ta a kan wani katako an lulluɓe da ƙyalle, irin wadda ake shanyawa da gishiri a ƙauyukan duwatsun Albusharat, duwatsun da Musulmin Garnaɗa suka yi tawayensu na ƙarshe a kansu daga 1568 zuwa 1571. Abincin rana a can sai wajen ƙarfe biyu da rabi, na dare kuwa ba ya sauka kafin tara. Wata rana ta kawo faten adas mai zafi, ta ajiye mini kwanona tana murmushi, ta ce, "Ci, ɗana, naka babu komai, na tsame naman duka da hannuna." Jan mai yana yawo a saman kwanon, na naman alade mai barkono wanda ake cusawa a hanji a yanka cikin miya. Matar nan ba ta yi nufin cuta ba, iyakar ƙoƙarinta ta yi bisa abin da ta fahimta, kuma a tsaye take tana jiran ta ga na kai cokali baki. Kalmomin da na mallaka a lokacin ba su da yawa, da su na ce mata, "Mama, na gode, amma abin da aka dafa tare da shi ma ba na iya ci, ba don girkinki ba ne, saboda Allah ne." Ta yi shiru kaɗan, ta ɗauke kwanon, ta soya mini ƙwai da dankali a man zaitun, daga ranar kuwa ta riƙa raba tukunya, har idan ta sayo kayan zaƙi irin na lokacin Kirsimati, waɗanda ake kwaɓawa da kitsen alade, ita ce ke sa tabarau ta karanta jikin takardar kafin ta miƙo mini.

Na kawo wannan ne domin in nuna inda Bahaushe ya fi rauni, ba kuwa a kwaɗayi ba ne, a kunya ne da kara. An tarbiyyantar da mu a kan cewa baƙo ba ya mai da abinci, ba ya kushe abin da aka ba shi, ba ya ce wa babba a'a a kan idonsa, kuma waɗannan halaye ne na kirki waɗanda suka riƙe zumuncinmu. Amma a irin wannan wuri kara tana iya zama ƙofar fitina, domin wanda ya ci sau ɗaya don kada ya ɓata wa tsohuwa rai ya ɗaure kansa ke nan, gobe ba shi da bakin ƙi, jibi kuwa zai fara jinkirta azahar don kada a ji ƙarar ruwan alwala, sannu a hankali ya wayi gari yana ɓoye addininsa a gidan da babu wanda ya ce ya ɓoye. Musulmin Andalus na ƙarni na 16 sun ɓoye nasu ne saboda kotun binciken aƙida tana kama mutum a kan ƙin cin alade ko yin wanka ranar Juma'a, har wani mufti daga Wahran ya ba su rangwame a 1504 su yi taƙiyya bisa larura. Su suna da uzuri a wurin Allah. Ɗalibin da ya yi taƙiyya yau don gudun minti biyu na jin nauyi ban san uzurinsa ba. Karin maganar nan da ke cewa idan ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka ka ɗaura, tana da muhallinta a lokacin cin abinci, da salon gaisuwa, da abin da ake sa wa ƙafa a cikin gida, amma ba ta da hurumi a abin da Allah ya haramta. Na kuma lura cewa gaskiyar da aka faɗa da ladabi tun farko ita ce mafi girman mutuntawa ga mai masauki, saboda ka ɗauke shi mutum mai hankali wanda zai iya ji ya fahimta. Wanda ya ɓoye masa kuwa, ya riga ya yanke masa hukuncin mugunta tun bai gwada shi ba.

Akwai kuma cuta ta biyu, kishiyar wannan, wadda ta fi kama masu ɗan karatu, ita ce ƙyama. Za ka ga mutum ya karɓi mabuɗin gidan mutane, yana kwana a kan shimfiɗarsu, amma yana tafiya a ɗakinsu kamar mai tsallake najasa, ba ya zama hira, ba ya amsa alheri da fuska sakakkiya, yana tsammani wannan shi ne tsantseni. Suratul Mumtahana ta bayyana cewa ba a hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, Suratul Ma'ida kuma ta halatta abincin Ahlul Kitabi, in ban da abin da aka haramta da sunansa. Wanda ya yi shakkar yanka, ga kifi da ƙwai da wake da shinkafa, ga kuma mahautan halal a cikin gari. Karen da kan yi yawo a irin waɗannan gidaje, wanda yakan tayar wa ɗalibanmu hankali, a mazhabar Malik duk mai rai mai tsarki ne, har da kare da yawunsa. Gicciyen da ke rataye a bangon ɗakin kwana, ba na ganin ya dace baƙo ya sauke shi a ɓoye ya cusa a aljihun tebur, domin amana ce ta masu gida kuma abin girmamawa ne a wurinsu. Ya dubi alƙibla, idan ba ya gabansa ya yi sallarsa, idan kuwa yana gabansa ya nemi izini a fili. A makon da suke tunawa da abin da suka yi imani da shi na gicciye Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, lokacin da ake ɗauko siffofi a kafaɗa ana ratsa tituna da ganguna da kyandir, na ga dattijuwar nan tana hawaye a bakin titi. Aƙidata a kan wannan ba ta motsa ba, ba kuma za ta motsa ba, amma ban iya ɗaukar hawayen nan abin wasa ba, kuma na fahimci cewa sanin juna da Suratul Hujurat ta ambata a matsayin hikimar raba mu ƙabilu da dangogi ba zai tabbata ba sai ka san abin da ke sa ɗan'uwanka ɗan Adam kuka, ko da kana ganin ya yi kuskure.

Abin da ke maganin cututtukan nan biyu, a ganina, yana cikin koyon harshen kansa, domin babu wani karatu da ke karya girman kai kamarsa. Mutum ya baro gida ana ce masa malam, ana miƙe masa a majalisa, ya zo nan ya zama ba ya iya tambayar inda sabulu yake sai da ishara, yaro ɗan makarantar firamare yana gyara masa fi'ili yana ƙyalƙyala dariya, dattijuwa kuma tana maimaita masa jumla sau uku a hankali kamar mai yi wa jariri magana. Wannan rauni ni'ima ce ga wanda ya karɓe shi, saboda yana tuna masa cewa fasahar da yake taƙama da ita a harshensa ba shi ya ƙaga ta ba, uwa ce ta zuba masa ita a kunne lokacin da bai san komai ba, kuma ga shi wata uwa, wadda ba ta bin addininsa, tana yi masa irin wannan hidima. Gaskiya ne ana biyan kuɗi, kuma ta fuskar fiƙihu wannan ijara ce, ba liyafar kwana uku da hadisi ya ambata ba. Amma kuɗin na ɗaki ne da abinci da wanki, babu inda aka rubuta ladan haƙurin da ake yi da kai, ko na jiran da ake yi maka idan ka yi dare, ko na raba tukunya. Abin da ya wuce sharaɗi ihsani ne, ihsani kuwa bashi ne a wuyan mumini ko daga wa ya fito. Kuma gwargwadon yadda harshe yake buɗewa, haka ikon bayyana addini yake ƙaruwa, har ranar da za a tambaye ka dalilin azumi ka iya ba da amsa da ta wuce kalma biyu, ta haka sai sharaɗin da malamai suka gindaya wa zama ya zamana harshen ne yake cika shi.

Duk da haka akwai abubuwan da ba zan sassauta ba don in daɗaɗa wa mai karatu. Giya tana cikin cimar mutanen nan kamar yadda fura take cikin tamu, hadisi kuwa ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da ita. Gidaje da yawa ruwa suke sha a ranakun aiki, amma ranar Lahadi ko ranar biki kwalba takan fito, saboda haka wajibi ne a yi wannan magana da makaranta tun wajen cika takardar neman masauki, inda dā ma ake tambayar mutum abin da yake ci, da ko yana shan taba, da ko yana iya zama da dabba, a kuma sake yin ta da masu gida, ranar da ta fito kuwa mutum ya nemi uzuri ya ci nasa daga baya. Gaisuwarsu tsakanin mace da namiji sumba ce a kumatu biyu, wannan kuwa ɗora hannu a ƙirji da sakin fuska da kalma ɗaya ta bayani sukan wadatar, in an yi tun ranar farko. Kaɗaituwa da mace ita ce ta fi duka haɗari, don haka ban ga halaccin saurayi ya sauka a gidan da babu kowa sai mace ɗaya mai sauran ƙuruciya ba, ko budurwa a gidan da za ta riƙa wuni da namiji su biyu, komai kyawun shaidar da makaranta ta bayar. Idan waɗannan sharuɗɗa ba su samu ba, akwai ɗakunan haya da ɗalibai ke haɗuwa su kama, akwai kuma iyalan Musulmi 'yan asalin ƙasar da na Maroko waɗanda 'ya'yansu Sifaniyanci ne harshensu, ana iya neman su ta hanyar masallaci. Haka nan yaron da iyayensa suka sani sarai cewa a gida ma sai an tashe shi da faɗa yake sallar asuba, ban ga dalilin da zai sa a kai shi gidan da babu mai tashinsa ba. A bar shi ya fara karatun a inda yake, tafiyar ta jira har ya ƙara shekaru.